Dutsen Washi Mai Fuska Biyu

Aikin gwamnati na farko da na yi shi ne malamin gona. Lokacin ba a daɗe da ba mu Jihar Sakkwato ba, kuɗin mai kuma ya shigo ƙasa, duk ofishin da ka leƙa sai ka tarar da sababbin kaya cikin kwalaye ba a ma buɗe ba. Ofishinmu yana Tambuwal, amma ni ƙasar Kebbe aka ba ni. Aka ce in je in koya wa masu lambu yadda ake yi wa mangwaro aure, wato a yanko reshen iri mai kyau a haɗa shi da ƙaramin dashen mangwaron gida, a ɗaure da leda, su kama juna su zama itace ɗaya. Na karanta abin a makarantar aikin gona, na kuma ci jarrabawarsa. Amma a gaskiya itatuwan da na taɓa aurarwa da hannuna ba su fi biyar ba, su ma da malami tsaye a kaina.

Ranar da zan tashi, mai kula da sito ya ba ni babur, da ƙunshin leda, da wuƙa mai naɗewa, da wani ɗan kwali. Na buɗe kwalin na ga dutsen washi ne, tsawonsa bai kai tafin hannuna ba, faɗinsa yatsu biyu. Fuska biyu gare shi, ɗaya toka-toka mai kaushi, ɗaya ruwan ƙasa mai santsi, an haɗa su baya da baya. Daga ƙasar waje aka kawo shi, takardar da ke cikin kwalin kuma ta ce a riƙa ɗiga masa mai kafin a yi washi. Matata, wadda ba mu cika shekara da aure ba a lokacin, ta tsiyaya mini man kekenta na ɗinki a wata 'yar kwalba. Na jefa dutsen a aljihun gaba, na riƙa yawo da shi kamar alƙalami.

Wata biyu na yi a Kebbe ina bin masu lambu ba wanda ya yarda in taɓa masa itace. Suna karɓata hannu biyu, su shimfiɗa mini tabarma, su kawo fura, su saurare ni har in gama, sannan su ce Allah ya kai mu baɗi. Ban ga laifinsu ba. Mutum ya yi shekara biyu yana ɗaukar ruwa yana ba dashe, sai ga wani saurayi da babur ya zo ya ce a sare kan dashen.

Wanda ya fara yarda wani tsohon wanzami ne da ke zama ƙarƙashin wata tsamiya ranar kasuwa. Aski na je. Yana cikin jiƙa mini kai ya tambaye ni aikin da ya kawo ni garin, na gaya masa. Sai ya tsaya da sabulu a hannu.

"Aure? Ga itace?"

Na ce, "Haka ake ce masa, Baba."

Ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "To, ina da 'yan mata sha biyu cikin garkata, duk sun isa. Ka taho ka aurar min da su mu gani."

Garkar tasa ɗan lambu ne a bakin fadama, da rijiya gajeriya da shingen ƙaya. Albasa da barkono yake yi a ciki, a gefe kuma ya bisne ƙwallayen mangwaro sun fito sun kai ƙugu. Da ruwan farko ya sauka na je Tambuwal na yanko rassan iri mai kyau, na naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu, washegari da safe na aurar da dukkan sha biyun. Shi kuwa yana tsugune yana kallo.

Bayan mako uku na koma. Tun daga bakin shinge na ga abin da ya faru. Duk rassan da na ɗaura sun yi baƙi sun bushe, ko ɗaya bai kama ba. Na tsaya na rasa inda zan sa fuskata. Na fara kawo dalilai, na ce wataƙila rana ce ta yi yawa, wataƙila rassan sun sha wuya a hanya. Tsohon ya bar ni na gama. Sannan ya kwance ledar guda ɗaya, ya zare busasshen reshen, ya shafa wurin yankan da babban yatsa, ya miƙo mini in shafa. Na ji kaushi-kaushi.

Ya ce, "Malam, itace ba shi da laifi. Wuƙar taka tauna taka yi, ba yanka ba. In na yi ma mutum ƙaho da aska irin wagga, miki shika komawa gida da shi. Gwada min wada kaka wasa ta."

Na ciro dutsen na ɗiga mai, na shiga goga wuƙar a kan fuska mai kaushi, wannan gefe da wancan, da sauri da ƙarfi, yadda na ga ana wasa wuƙar yanka nama a gidanmu. Da na ɗago sai na ga ya kau da kai yana kallon rijiya, kamar wanda ya ga babba ya yi tuntuɓe.

A ranar na san cewa wuƙar aure gefe ɗaya kawai ake wasawa, ɗaya gefen a bar shi a miƙe. Malaminmu na makaranta ya faɗa, na tabbata, amma ban ji ba sai a bakin wanzami. Ya nuna mini yadda ake kwantar da ita a kan dutse, a tura a hankali kamar ana so a fere wa dutsen fata. Ya ce fuska mai kaushi ta gyaran giɓi ce kawai, aikin kullum na mai santsi ne. Sai dai mai santsin tawa ta riga ta toshe, man keke da ƙurar aljihu da garin ƙarfe sun haɗu sun yi mata baƙin daɓe, wuƙa sai zamewa take yi.

Ya juya dutsen a hannunsa ya daɗe yana dubawa. Ya sa farce a layin da fuskokin biyu suka haɗu.

"Dutsen ga na da kyau," in ji shi. "Amma biyu na anka liƙa. Duk abin da anka liƙa, ka riƙa yi mai sannu."

Ya buɗe zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aski, ya ciro nasa. Baƙi ne wuluk, bai fi yatsu biyu ba, tsakiyarsa ta lotsa kamar sirdi saboda daɗewa. Ya ce wanda ya koya masa wanzanci ne ya ba shi, shi ma bai san inda aka samo shi ba. Dutsen bai taɓa ganin mai ba, ruwa kawai, in babu ruwa kusa yawu ma ya isa. Ya tafi da nawa gida, ya jiƙa shi cikin ruwan toka mai zafi, ya goge da tsumma. Da ya dawo mini da shi fuskar ta buɗe, har wani ɗan kaushi mai daɗi take yi a yatsa. Ranar na mayar wa matata da kwalbar manta.

Sati guda na yi ina zuwa tsamiyar ko garkar ina koyon washi. Gwajinsa ɗaya ne, a ɗora wuƙa a damtsen hannu, in ta kwashe gashi ba tare da an danna ba, to ta yi. Tun daga lokacin hannuna na hagu bai ƙara tara gashi ba har na bar aikin. Matata ta riƙa tsokanata, wai hannu ɗaya nata ne ɗaya nawa.

Dashen nan sha biyu ba su mutu ba, sun sake tofo daga ƙasan inda na sare. Da suka yi ƙwari na tambaye shi ko zai bari in sake gwadawa. Ya ce ai an riga an ɗaura musu aure sau ɗaya, zawarawa ne, ba su da abin tsoro. Wannan karon yankan ya fita sumul, har wani ƙyalli yake yi, reshe da uwar dashe suka kwanta a jikin juna ba ko kafar iska. Bayan mako uku tara daga ciki suka fito da jan toho. Na zauna a bakin rijiyar nan na daɗe ina kallonsu. Tsohon ya ciro albasa ɗanya guda biyu, ya ba ni ɗaya, muka ci da ƙuli-ƙulin da ke aljihunsa. Na sha cin abinci a wurare masu daraja bayan haka, amma ban manta da wannan ba.

Labari ya bazu. Masu lambun da suka ce sai baɗi suka fara aiko mini. Dutsen ya yi aiki ƙwarai a shekarar, don kowane dashe huɗu ko biyar sai na tsaya na taɓa wuƙar a kansa.

A bazara ta gaba dutsen ya rabu biyu. Laifina ne, ko rabin laifin. Na gaji da yadda yake huda mini aljihu, sai na jefa shi cikin akwatin kayan gyaran babur, tare da sifana da filaya, dab da inji. Na taso daga Tambuwal da tsakar rana, hanyar Kebbe kuwa a lokacin rami ne da tsakuwa, babur yana tsalle kamar ɗan akuya. Da na iso na buɗe akwatin sai na tarar da duwatsu biyu, kowanne siriri kamar biskit. Mai kaushin har kusurwarsa ɗaya ta ɓalle. A bayansu ga busasshen abin liƙin nan ya yi rawaya, yana ɓarewa da farce. Wani abokin aikina ya ce ruwan toka mai zafin ne ya fara kashe liƙin. Da na gaya wa tsohon sai ya ce ruwan toka bai hau babur ba.

Na koma sito aka ce sun ƙare. Sai na shiga kasuwar Tambuwal. A shekarun nan kasuwa cike take da kayan waje, har abin da mutum bai san yana bukata ba. A teburin wani mai sayar da madubi da kwaɗo da tocila na samu duwatsun washi iri-iri, na zaɓi biyu mafiya kyau a ido. Ɗaya yana da mariƙin roba ja, ɗaya kuma kore ne mai sheƙi cikin ɗan gidansa na gwangwani.

Na kai wa tsohon ina jin daɗi. Ya ɗauki mai jan mariƙin ya ƙwanƙwasa shi da bayan aska, ya kai kunne. Ya ɗiga masa ruwa, ruwan ya shige nan take kamar an zuba a rairayi. Ya goga da yatsa sai ga tsakuwa-tsakuwa a yatsan.

"Wanga ƙasa ta anka dunƙula," ya ce. "Shi za ya ci wuƙa, wuƙa ta ci shi."

Koren kuwa ruwa ya tsaya a kansa ƙwal bai shiga ba, aska ta bi ta kai ba ta bar ko alama ba. Ya ce wannan ɗan'uwan kwalba ne.

Ban yarda ba, don ban so a ce na yi zaɓen banza. Na yi aiki da mai jan mariƙin. Yana da saurin ci, amma duk washi sai ya bar laka a tafin hannuna, bakin wuƙar kuma sai ya fito da zane-zane. Kafin wata ya cika tsakiyarsa ta rame kamar kwalekwale, ba yadda za a kwantar da wuƙa a miƙe a kansa. Daga baya mariƙin ya sukurkuce ya fita. Koren na yi kwana biyu ina fama da shi ban ga ya ƙara wa wuƙar komai ba. Matata ta karɓe shi tana danne zane da shi in tana yanka, gwangwanin kuma ta zuba allurai.

Da na je na amsa laifina, tsohon bai ce ai na gaya maka ba. Tambaya kawai ya yi, "Ina waɗancan biyun da sunka rabu?"

Suna nan a ƙasan akwatin babur inda na bar su. Ya karɓa ya kai wa wani masassaƙi maƙwabcinsa. Masassaƙin ya fafe ɗan guntun maɗaci guda biyu, ya yi wa kowane dutse gurbi daidai jikinsa, ya zaunar da shi da ƙaro, ya bar fuskar ta ɗan ɗago sama da itacen. Siririn dutsen da ake tsoron ya karye a hannu sai ga shi ya samu baya mai ƙarfi da wurin riƙo. Wani baduku kuma ya ɗinka wa mai santsin kube na jar fata mai igiya, don in rataya a wuya cikin riga, ya huta da akwatin babur.

Saura gyaran fuska, don shekara guda ta aiki ta ɗan lotsa tsakiyar mai santsin. Tsohon ya ce siminti muke bukata mai laushi. A lokacin an gina sabuwar makarantar firamare a bakin gari, barandarta kuwa sumul take. Muka je ranar da ba karatu, da buta da ɗan rairayi mai laushi a leda. Ya watsa rairayin a kan siminti, ya yayyafa ruwa, ya kifa dutsen ya riƙa zagayawa da shi. In ya gaji in karɓa. Muna tsugune mu biyu, ni da rigar aikin gwamnati, shi da rawaninsa, muna gurza dutse a ƙasa, masu wucewa suna rage tafiya suna kallo. Can ya wanke shi ya ɗora bayan aska a kai ya ɗaga sama wajen haske. Ba inda haske ya ratsa. Ya ce, "Ya zama sabo."

Mai kaushin na ce ya riƙe, don ya fi ni bukatarsa wajen lauje da wuƙar yankan ƙaya. Ya ƙi, na nace, ya karɓa. In wuƙata ta yi giɓi sai in bi ta garkarsa in gyara, mu ɗan taɓa hira. Mai santsin kuwa ya zauna a wuyana har na gama shekaruna a Kebbe, na ci gaba da shi a wasu wurare. Sau ɗaya a shekara nake gurza shi a siminti. Ya faɗi ƙasa ba adadi, ya taɓa kwana cikin ruwan sama a kan shinge, bai tsage ba. Kuben fata uku ya cinye. A hankali ya yi ta sirancewa har fuskarsa ta zo daidai da itacen, na sa aka rage itacen, ya sake ɗagowa. Asalin dutsen ba abin da ya same shi, abin da aka haɗa shi da shi ne bai san zafinmu da hanyoyinmu ba.

A shekarun nan wanzanci ya fara ja baya. Reza ta cika kanti, samari kuma suka koma wa masu askin almakashi da madubi. Tsohon bai yi ƙorafi ba. Wata rana na iske shi a garka da wata tsohuwar aska da ya daina aiki da ita, yana yanka reshe. Ya ce ya daɗe yana kallon hannuna, yana so ya gwada. Ban ɓoye wa kowa ba, cikin damina ɗaya ya fi ni. Yanka ɗaya yake yi, ba ya komawa, abin da hannun da ya shekara arba'in yana bin kawunan mutane ya saba. Ya cika gefen garkar da ƙwallaye, har daga Jabo da Sanyinna mutane suke zuwa a kan babur su ɗauki dashe. Ranar kasuwa yana zuwa tsamiya don tsofaffin abokan cinikinsa, sauran kwanaki yana cikin itatuwa.

Da 'yan farkon nan tara suka yi 'ya'ya, ya aiko mana da kwando guda. Matata ta yanka ɗaya ta ci, ta tsaya tana lalubar haƙoranta da harshe tana neman zare ba ta samu ba. Ta ce lallai yanzu ta yarda aiki nake fita yi.

A shekarata ta ƙarshe a can ofis ya shirya taron koyar da masu lambu a Tambuwal, aka ce in zo da manomin da ya fi ƙwarewa ya yi wa jama'a bayani. Da ƙyar na shawo kansa. Bai taɓa yin doguwar tafiya a babur ba, ya riƙe ni tamau tun daga Kebbe, duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati.

An jera kujeru ƙarƙashin rumfa, ga tebur, ga dashe a jere ana jiran a gwada aure. Shugabanmu ya gabatar da shi, ya miƙa masa abin magana. Tsohon ya dubi abin, ya dubi jama'a, ya ce shi bai iya wa'azi ba. Ya nemi tabarma da buta. Ya zauna a ƙasa, ya buɗe zabira, ya ce kowa ya kawo wuƙar da aka raba masa. Ya karɓi nawa dutsen ya haɗa da nasa biyu, ya jera su a gabansa. Mutane suka bar kujeru suka kewaye shi. Ɗaya bayan ɗaya yake zaunar da su, ya kama hannun mutum ya kwantar da wuƙar, ya tura tare da shi, ya ce ya gwada a damtse. In ba ta kwashe gashi ba a sake.

Shugabanmu ya jawo ni gefe yana duba agogo, ya ce rana tana yi ba a taɓa itace ko ɗaya ba. Na ba shi haƙuri. Ya tafi ya dawo, ya tsaya a bayan mutane yana leƙe. Can sai na ga ya laluba aljihu ya ciro 'yar wuƙarsa ta yankan goro, ya naɗe hannun riga ya bi layi.

Sai bayan azahar aka fara aure, aka kuma gama da wuri, don wuƙaƙen suna tafiya da kansu. Da la'asar ni da tsohon muka kamo hanya. Mun yi kamar rabi ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Muka sauka gindin wata ƙirya, ya miƙe ƙafafu yana matsa ƙugu. Na tambaye shi yadda ya ga taron.

Ya ce, "Mutanen kirki na. Amma Malam, in sun ƙara kira, ka ce su taho Kebbe. Ni da babur mun yi bankwana, in dai na sauka lafiya."

Muka sha ruwa, muka huta har inuwa ta yi tsawo. Sauran hanyar a hankali na tuƙa, ina kauce wa kowane rami, muka shiga gari ana kiran magariba.